Wa ya kashe muhawarar 2019, 'yan takara ko masu shirya ta?

Malam Habu: Maganata ɗaya ce, gidajen talabijin ba su da laifi a abin da ya faru ranar 19 ga Janairun 2019. BON, ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Najeriya, da NEDG, ƙungiyar shirya muhawarar zaɓe, sun shirya zauren muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa a otal ɗin Transcorp Hilton na Abuja, suka gayyaci mutum biyar. Buhari bai je ba. Atiku ya je har wurin, da ya ga babu Buhari sai ya juya. Aka bar Oby Ezekwesili da Kingsley Moghalu da Fela Durotoye tsaye, ga mumbari biyu ba kowa. To me kuke so mai kyamara ya yi, ya goyo shugaban ƙasa?

Hajiya Rabi: Malam, ai ka faro daga tsakiya. 'Yan takara 73 ne a zaɓen. Wa ya tsamo biyar ɗin, kuma ma'aunin nasa ya gamsar da wa? Sowore, ɗaya daga cikin 'yan takarar, ya yi ta ƙorafi an tsallake shi. Mai raba goron gayyata ya riga ya shiga siyasa tun kafin a kunna fitila.

Ɗan Zariya: Haba Hajiya, mutum 73 a dandamali ɗaya? Kafin kowa ya gama sallama an kira asuba.

Hajiya Rabi: Ban ce a tara su duka ba, ɗana. A kafa sharaɗi tun da wuri, kowa ya san shi, kada a sauya in an ga wanda zai amfana.

Baban Khalifa: Ku tuna 2011. Jonathan ya ƙi zuwa muhawarar tashar talabijin ta NN24 wadda Kadaria Ahmed ta jagoranta, inda Shekarau ya yi fice. Da BON ta shirya tata, Buhari da Ribadu da Shekarau suka rama, Jonathan ya tsaya shi kaɗai yana amsa tambayoyi. A 2015 ma ɓangaren Buhari ya ƙi zuwa, ya zargi masu shiryawa da son kai. Kowa yana da tashar da ya yarda da ita da wadda yake tsoro, kuma ba haka kawai ba ne. NTA ta gwamnati ce, shugaban hukumar NBC mai sa ido a kan gidajen rediyo da talabijin kuma shugaban ƙasa ke naɗa shi.

Malam Habu: Uzuri ne kawai. Duk wanda ya ga yana gaba ba ya son tambaya. Tinubu ma bai je zauren tashar Arise ba kafin zaɓen 2023. Abiola da Tofa ba a NTA suka kara ba a 1993, a zamanin soja?

Baban Khalifa: Na yarda akwai gudun tambaya. Amma dubi NBC ɗin. A Maris 2023 ta ci tarar tashar Channels naira miliyan 5 kan hirar Datti Baba-Ahmed, abokin takarar Peter Obi, a watan Mayu kuma babbar kotun tarayya ta ce ba ta da hurumin cin tara. Yanzu in tasha ta yi wa ɗan takara rashin adalci, gun wa zai kai kuka?

Hajiya Rabi: Ni wani abin ma ya fi damuna. Duk muhawarar nan da Turanci ake yi, a talabijin, ga NEPA sai ta ga dama. Mahaifiyata da rediyo take kwana, kuma ba ta taɓa fashin zaɓe ba.

Malam Habu: Wannan kam na ba ki, Hajiya. Amma a kan 2019 ina nan kan bakana.