Kuɗin da ba mu sa a lissafi ba: gogewar masu sana'a a Makka, Jidda da Madina

Mai shagon turare, Makka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina ɗaukar duk abin da ya rage a akwati bayan na cire kuɗin sari a matsayin riba, har ranar da kwantiragin yaron shagona ya ƙare bayan shekara shida, aka lissafa mini haƙƙin sallamarsa. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ba shi albashin rabin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, da na wata guda a kan kowace shekara bayan haka, wato albashin wata uku da rabi, alhali ban ajiye ko riyal ɗaya ba. Ina roƙon wanda irin wannan ya taɓa samu ya faɗa mana yadda ya yi.

Mai gidan abinci, Jidda:
Wa'alaikumus salam, Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ni harajin kaya na VAT, wanda muke karɓa a hannun mai saye mu miƙa wa hukuma, shi ne ya girgiza ni. Da aka ɗaga shi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari a Yulin 2020, na ci gaba da cakuɗa shi da ciniki ina sayen shinkafa da nama, na manta cewa amanar hukuma ce a hannuna. Lokacin biya sai da na sayar da ɗan zinarina. Tun daga nan nake ware shi kowane dare kafin in taɓa sauran.

Akanta, Madina:
Hajiya ta yi daidai. Abin da na fi gani a littattafan mutanenmu shi ne rashin raba kuɗin da ke tsaye, kamar haya da albashi da sabunta iƙama (takardar izinin zama a ƙasa) da inshorar lafiyar ma'aikaci, da kuɗin da ke bin yawan kaya, kamar kwalba da man turare. Na farkon ba ya jiran Ramadan ko Hajji; a watannin da kasuwa ta yi sanyi ma sai an biya. Alhaji, a ce kuɗinka na tsaye riyal 6,000 ne a wata, kuma kowace kwalba tana bar maka riyal 20 bayan an cire abin da ta ci, to sai ka sayar da kwalba 300 kafin a fara maganar riba. Kuɗin sallama kuwa, a raba shi wata-wata a haɗa da albashi.

Mai shagon turare, Makka:
Na gode, Malam. Na zauna da littafina daren jiya, na tarar da cewa ƙananan kwalaben da alhazanmu suka fi saye da asara nake sayar da su. Gobe in sha Allahu zan fara gyara farashinsu.