Masu aikin hannu da ƙananan 'yan kasuwa, waya ta ƙara muku ciniki ne ko aiki ta ƙara muku?

Mai Dizain Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta kwana biyu tana cin raina nace bari in kawo ta nan kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Ni sana'ata zane a kwamfuta, katin biki, kalanda, sitikar ɗaurin aure, fosta, shekara goma sha ɗaya kenan ina kan CorelDraw. Da can duk mai aurar da 'ya sai ya tako shago ya zauna kusa da ni muna zaɓar kala, a buga kati ɗari biyu ko uku, in samu na zane in samu na bugu. Yanzu ƙanen amarya ne yake haɗa katin a Canva yana kwance a ɗaki, a watsa a WhatsApp, shikenan an gama gayyata. Wanda ma ya zo sai ka ga ya zo da hoton da AI ta yi masa yace malam ɗan gyara min rubutun kawai, kuma in ka duba babu ƙ babu ɗ, bisimillar da ke sama haruffan Larabcin a wargaje, wlh gyaran ya fi yin sabo wuya amma shi kuɗin gyara yake so ya biya. Ta ɗaya gefen kuma ba zan ɓoye alheri ba, akwai masu turaren wuta da masu yaji a Abuja da Kaduna da nake musu lebul na roba shekara uku ban taɓa ganin fuskarsu ba, su turo bayani in tura aiki su yi transfa. To na rasa gane gaba nake yi ko baya. Ku ya abin yake a wajenku?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam malam. Ni kam ba abin da zan ce sai godiyar Allah, don ba don wayar nan ba da ban san sana'ar da zan yi daga cikin gida ba. Lokacin kullen korona na 2020 na fara, maigida yana zaune ba fita, na roƙi yayana da yake tsaron shago a Kwari ya riƙa turo min hotunan atamfa da leshi ina sawa a sitatus ina ɗora ɗan abin da zan samu a kai. Kakata ta yi irin wannan cinikin a zamaninta amma ita dillaliya take ba wa kaya ta zaga gida gida, sai yamma ta dawo a yi lissafi, to ni sitatus ne dillaliyata. In an zaɓa ɗan sahu ya kai, in na nesa ne a kai tasha a ba direba, na tura kaya Gombe na tura Yola na tura har Maraɗi.
Amma fa wahalar da ba a faɗa ita ce shagon waya ba ya rufewa. Ƙarfe ɗayan dare mutum zai turo nawa ne wannan, in ba ki amsa ba da safe ki ga ta saya wajen wata. Mutum goma za su tambaya ki ɗauki bidiyo a rana ki ɗauka a inuwa ki buɗe turmin ki nuna baki, ƙarshe a ce zan yi magana, shiru. Ga rigimar kala, kyamara ta nuna ruwan toka kaya ya je ace wannan ai shuɗi ne. Sau ɗaya kuma aka yi min alat na bogi, wata ta turo hoton risit lokacin ƙarancin kuɗin nan na farkon 2023 da transfa take kwana ba ta shiga ba, na ɗauka jinkirin netwok ne na saki leshi biyu, har yau. Tun daga ranar sai na buɗe asusuna na ga kuɗi da idona nake sakin kaya, ko 'yar uwata ce.

Alƙalamin Dare:
Anti Maman Biyu kin taɓo min inda yake min ciwo da maganar shagon da ba ya rufewa. Ni marubuciya ce, a waya nake taipin da babban yatsa har ya fara min tsami. Iyayenmu a harkar sai sun tara kuɗi sun buga sun kai wa 'yan kasuwar littafi sannan a riƙa biyansu kaɗan kaɗan, mu kuwa ka saki shafukan farko kyauta a gurup, in labari ya kama mutane su biya a saka su a gurup na kuɗi. Ban taɓa shiga maɗaba'a ba amma da rubutun nan na biya kuɗin makarantata. Matsalar ita ce sata. Ki kwana kina rubutu ki saki shafi da asuba, kafin azahar wata da ta biya ta kwafe ta watsa a gurup goma, wasu kuma su haɗa shi dokumen su sayar da arha, wasu su karanta shi da murya su ɗora a YouTube su ci kuɗin talla ko sallama babu. In kin yi magana ace ke da Allah ya ba baiwa kyauta. Kuma da OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai ta intanet, ta rufe a ƙarshen 2023 na ƙara gane cewa duk dandalin da kike kai aro ne, shi ya sa yanzu lambobin masu karatuna na gaskiya a littafi nake rubuta su da biro, kuma duk abin da na rubuta ina tura wa kaina ta imel.

Edita Zoo Road:
Malam mai dizain ni a ganina ba aikin ne ya ƙare ba, wurin da kuɗin yake ne ya tashi. Mu a harkar fim mun riga ku shan wannan. Zamanin faifai furodusa ya gama fim a buga a kai Ƙofar Wambai, daga baya masu tura fim a waya suka zo faifai ya mutu murus, mutane da yawa suka bar sana'ar. Sai aka koma fim mai dogon zango a YouTube, kuma shi sai tasha ta kai masu bibiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin a fara maganar kuɗin talla, to kafin nan wa zai biya edita? Na yi wata biyar ina yanka wa wani fim duk sati a kan in tasha ta tashi za a sallame ni, Allah ya sa ta tashi. Yanzu abin da ya fi kawo min kuɗi ma ba fim ba ne, gajerun bidiyon talla ne na masu shago da masu abinci, minti ɗaya, kuma yara suna yi da CapCut a waya amma in ana son sauti mai kyau da kala daidai ni ake nema.
Abin da ke karya mu wuta ce da data. Oktoban 2024 da Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, ga fetur tun cire tallafi a 2023 ba a magana, na riƙa ɗaukar kwamfuta a ɗan sahu ina kai ta gidan abokina mai sola don kar sati ya wuce ba mu saki fim ba. Sai kuma aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025, mu da muke loda fayil mai nauyi kullum mun ji a jikinmu.

Na Gusau:
Ku kuna maganar tsada, mu mun ga ranar da babu sabis ɗin gaba ɗaya. Watan Satumba 2021 anka yanke sabis a Zamfara saboda matsalar tsaro, kusan wata guda cikin Gusau ba kira ba data. Ni takalma da huluna nika saidawa kuma rabin cinikina na WhatsApp ne, POS ta tsaya, kuɗina na hannun mutane ba halin tambaya. Sai da na shiga mota har Zariya don kawai in buɗe waya in ba mutane haƙuri in ce ban gudu da kuɗinsu ba. Waɗanda sunka san ni ido da ido sun jira, na intanet zalla da yawa ba su dawo ba. Shi ya sa har gobe ban saki rumfata ta kasuwa ba ko da ciniki ya ja baya.

Ɗan Mai Ɗinki Zariya:
Salam. Ni ba tawa zan faɗa ba, ta babanmu ce, shi ba ya taɓa irin wannan wayar ni nake riƙe masa. Ɗinkin hannu yake yi na babbar riga, aska biyu, aska takwas, tun kafin a haife ni. Da injin ɗinki na kwamfuta ya cika gari aiki ya ja baya sosai, don abin da zai yi sati shida yana yi inji zai fitar a yini kuma da arha, yaran da yake koya wa duk suka watse suka koma acaɓa. Har ya fara cewa shi ne na ƙarshe a gidanmu. Bara ina zaune na ɗauke shi bidiyo yana aiki a zaure, ba kiɗa ba komai, hannunsa ne kawai da allura da zare, na ɗora a TikTok da Facebook. Wlh ban zaci komai ba. Mutane suka fara tambaya wai har yanzu akwai masu yi, wani daga Abuja ya ba da riga biyu, wani ɗan Ghana ya yi magana daga Kumasi. Ba wai mun yi arziki ba ne, kuma har yanzu mutum tara cikin goma in sun ji kuɗin sai su ce ai na inji bai kai haka ba, amma na goman ya san abin da yake saya kuma ba ya neman ragi. Abin da ya fi faranta min rai yaro ɗaya cikin waɗanda suka tafi ya dawo yana zama da Baba da yamma.
To malam ni shawarata ka daina nuna katin da ka gama kawai, ka nuna yadda kake gyara wancan Larabcin da ya wargaje, mutane ba su san akwai aiki a ciki ba sai sun gani.

Hajiya ta Maraɗi:
Gaskiya ne ɗana. Ni daga Kano nike sayen kaya, lokacin da anka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024 ban taka Najeriya ba, amma wadda nike saye wurinta ta riƙe min amana, hoto ta waya, kuɗi ta hannun ɗan canji, kaya su jira har hanya ta samu. Wata kuwa da na gani a Facebook da hotuna masu kyau na tura mata kuɗi ta toshe ni. Yanzu in ba wani da na sani ya ce ya san mutum ba, ko hotonsa ya kai mi ban saye.

Mai Dizain Fagge:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka da alheri, na karanta duka har sau biyu. Hajiya Allah ya mayar miki da alheri, Na Gusau Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Edita maganarka ta zauna min, don da na duba littafina na wata shida na ga katin biki ya kusa ɓacewa amma lebul da sitikar kaya sun ninka, ni ne dai hankalina yake kan abin da na rasa. Kuma gaskiya na daɗe ina ƙin taɓa AI ɗin nan saboda haushi, jiya na sa ƙanena ya nuna min, na ga tana saurin cire bayan hoto, aikin da yake cin min rabin awa, rubutun Hausa da Larabci kuwa dole dai hannuna. Daga yau gyaran abin da aka kawo min daga waya kuɗinsa daban, zan rubuta in manna a ƙofar shago in sa a sitatus.
Ɗan Mai Ɗinki ka gaishe min da Baba da kyau, ka turo min sunan da yake so da girman ledar da kuke saka riga, zan yi masa lebul kyauta. In Allah ya kai mu Asabar akwai katin walimar saukar Alƙur'ani da aka kawo min ayar a hargitse, shi zan fara ɗauka bidiyo, Edita zan turo maka ka duba min sautin kafin in saki.