Neman shawara: halartar taron marubuta ƙagaggun labaran tarihi ta intanet

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Zango, nan Damagaram, kuma shekara biyu ke nan ina rubuta ƙagaggen labari a kan wani maƙeri da ya rayu zamanin Sarki Tanimun. Na samu sanarwar wani taro na marubuta irin wannan labari da za a yi ta Zoom cikin Turancin Ingilishi, a kan agogon New York, amma ina jin tsoron in biya kuɗi in tashi a tutar babu, domin Ingilishina bai yi ƙarfi ba, ga kuma yankewar wuta. Me kuke ba ni shawara?

Wata malamar tarihi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka halarta, amma ka san abin da za ka nema. Yawancin masu jawabi da takardun ajiya suke aiki, kai kuwa rabin kayan aikinka yana bakin dattawan Birni da maroƙan fada. Za ka amfana da su wajen dabarar gina labari, musamman yadda ake saƙa mutumin da aka ƙirƙira cikin abin da ya auku da gaske ba tare da an murɗe tarihi ba. Maƙerinka zai iya taya ƙera igwa a fada, tunda an ƙera su a zamanin Tanimun, amma idan ka kai shi har kisan Kazamaju, hafsan sojan Faransa, a 1898 ko yaƙin Tirmini da aka yi da Faransawa a 1899, to ka tuna cewa Amadu Kuran Daga ne a kan gado, kuma dole tsufa ya bayyana a jikin maƙerin. Ni da zan samu dama, abin da zan tambaye su shi ne yadda suke yi idan ruwayoyin baka biyu suka saɓa wa juna.

Wani ɗan uwa:
Malam, ka lura da lokaci. Daga Maris zuwa farkon Nuwamba mun riga New York da awa 5, saura watannin kuma da awa 6, saboda haka zaman ƙarfe 1 na rana a wurinsu zai riske ka ƙarfe 6 ko 7 na yamma, wato wajen magariba. Kafin ka biya, ka rubuta musu ka ji ko suna ajiye bidiyon zaman, domin ka sake kallo a tsanake. Ka kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, ka kashe kyamara don rage cin data.

Mai tambaya:
Na gode Yaya, na gode Malam. Yau da dare zan aika musu tambayar bidiyon.