Fim Ne Ya Ƙwato Musu Haƙƙi, Ko Dai Ya Tarar An Gama Aikin?

Maman Ummi: Jama'a, wa ya kalli Mr Bates vs The Post Office? Kashi 4 ne kacal, tashar ITV ta nuna shi daga 1 zuwa 4 ga Janairun 2024. Ni dai na tsaya a kan cewa shirin nan ya yi cikin kwana 10 abin da kotuna da jaridun Birtaniya suka kasa cikin shekara 20. Mai ja ya fito.

Baffa Ado: Ku yi wa tsoho bayani tukuna, ban san kan zancen ba.

Maman Ummi: Baffa, a 1999 Hukumar Gidan Waya ta Birtaniya ta kawo manhajar lissafi mai suna Horizon, aikin kamfanin Fujitsu na Japan. Sai mai riƙe da ƙaramin gidan waya ya rufe lissafi, kwamfuta ta ce kuɗi sun yi giɓi, alhali bai taɓa komai ba. Yarjejeniyarsu ta ce shi zai cike daga aljihunsa. In ya kira layin neman taimako a ce masa shi kaɗai ke da wannan matsalar. Sama da mutum 900 aka gurfanar zuwa 2015. Akwai Seema Misra, da ciki aka kai ta gidan yari a 2010. Ana gama nuna shirin mutum sama da miliyan 1 suka sa hannu a takardar koke ta neman a ƙwace lambar girmamawar tsohuwar shugabar hukumar. Ranar 9 ga wata tsohuwar shugabar hukumar, Paula Vennells, ta ce ta mayar da lambar girmamawarta ta CBE. Washegari Firaminista Rishi Sunak ya tashi a majalisa ya ce za a yi dokar wanke su.

Lauya Nasiru: Hajiya, na ja. Me shirin ya tono wanda ba a sani ba? Mujallar Computer Weekly ta buga labarin tun 2009. A shekarar ne Alan Bates, wanda shirin ke ɗauke da sunansa, ya tara 'yan uwansa masu ƙananan gidajen waya a ɗakin taron ƙauyen Fenny Compton. Mutum 555 suka haɗu suka shigar da ƙara, a 2019 Mai Shari'a Fraser ya tabbatar manhajar na da kurakurai. A Afrilun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin mutum 39. Kwamitin binciken Sir Wyn Williams yana zama tun kafin a ɗauki kyamara. Ko tayin fam 600,000 ga wanda aka soke wa hukunci, a Satumbar 2023 aka yi shi. Ba don hukuncin 2019 ba, lauyoyin tashar ma ba za su bari a nuna ba, don tsoron ƙarar ɓata suna.

Maman Ummi: To Lauya, gaya wa Baffa nawa mutum 555 ɗin suka tashi da shi.

Lauya Nasiru: An sasanta a kan kusan fam miliyan 58.

Maman Ummi: Ƙarasa mana. Kuɗin shari'a ya cinye mafi yawa, abin da ya rage musu bai wuce miliyan 12 ba, wajen fam 20,000 kowane mutum. Wanda ya rasa shago da gida da mutunci! Wannan ce nasarar kotun da kake taƙama da ita?

Zainabu K.: Ni da Anti nake. Na sha ganin kanun labarin, ina wucewa, don da na ga kalmar manhaja sai na ɗauka zancen 'yan kwamfuta ne. Amma wurin da Jo Hamilton, ɗaya daga cikin masu ƙananan gidajen wayan, take kan waya da masu taimako, tana bin abin da suka ce ta danna, giɓin ya ninka a kan idonta, sai da na ajiye abin da ke hannuna. Gani ya kori ji, Lauya. Hukunci mai ɗaruruwan shafuka wa zai karanta?

Sadiq Injiniya: Ba a nan gizo ke saƙa ba. Ma'aikatan Fujitsu a garin Bracknell na Ingila suna iya shiga asusun reshe daga nesa su canza lissafi, hukumar kuma ta yi shekaru tana musanta haka. Sannan ita ce mai ƙorafi, ita ce mai bincike, ita ce mai gabatar da ƙara, don dokar Ingila ta yarda da ƙarar laifi mai zaman kanta. Kotu kuma tana ɗaukar cewa kwamfuta daidai take aiki sai in wanda ake tuhuma ya nuna akasi. Ta ina mai sayar da kan sarki zai nuna? Masu kallo sun bar wannan, sun far wa mace ɗaya. Vennells a 2012 ta hau kujerar, an fi shekara 10 ana gurfanar da mutane kafin nan.

Zainabu K.: Yaya Sadiq, kar ka wanke ta. A zamaninta aka zuba kuɗi ana yaƙar mutanen nan a kotu.

Sadiq Injiniya: Ban wanke ta ba ƙanwata. Na ce ministocin Leba da na Konsabatib da na Lib Dem duk sun riƙe wannan ɓangaren, hukumar ta gwamnati ce.

Baffa Ado: Allah Sarki. To dokar da aka ce, an yi ta?

Lauya Nasiru: An yi, Baffa, a Mayun 2024, kuma nan ne cikina ya ɗuri ruwa. Majalisa ce ta share hukuncin kotu da kanta, jimla guda, ba tare da alƙali ya duba fayil ɗaya ba. Yau an yi wa marasa laifi, kowa ya yi tafi. Gobe in wani shiri ya sa mutane kuka a kan wanda ba shi da gaskiya fa? Kuma waɗanda kotun ɗaukaka ƙara ta riga ta ƙi buƙatarsu, dokar ba ta haɗa da su ba.

Maman Ummi: Da an bi hanyarka ɗaya bayan ɗaya, da yawansu sai dai a kai takardar wankewa kan kabari. Wasu sun riga sun rasu. Rahoton farko na kwamitin, na Yulin 2025, ya ce akwai yiwuwar mutum 13 sun kashe kansu saboda wannan abin.

Baffa Ado: Innalillahi. Su kamfanin Japan ɗin fa?

Sadiq Injiniya: Shugabansu na Turai a lokacin, Paul Patterson, ya ba da haƙuri gaban 'yan majalisa a Janairun 2024, ya ce ya wajaba su sa hannu a diyya.

Maman Ummi: Mako 2 bayan shirin. Lauya, ka ji ko? Me ya hana shi a 2019?

Lauya Nasiru: Wannan kam ki tambayi lauyoyinsa, Hajiya. Ni dai ina nan a kan maganar majalisa, kuma ba ki ba ni amsa ba.