Injinmu bai kai abin da aka rubuta ba, ko in riƙe cikon kuɗinsu?

Mai_Roba: Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Mun yi odar injin hura robobin ruwa daga wani kamfani na ƙasar waje. A yarjejeniya an rubuta zai fitar da roba 6,000 a awa. Mun biya kashi 90, saura kashi 10 sai an kafa an gwada. Injiniyansu ya yi kwana 9 yana haɗawa. Ranar gwaji injin ya yi minti 40 yana tafiya sumul, sai mutumin ya miƙo min takarda, jaka a kafaɗa, wai jirgi zai bar shi. Na sa hannu. Tun ranar bai sake wuce 3,800 ba. Da an ƙara masa gudu sai wuyan robar ya karkace, jar fitila ta kama. Wata biyu ke nan ina tura musu saƙon murya a WhatsApp. Yanzu cikon kuɗi suke nema, wai laifin daga wajenmu ne.

Barista_A: Wa alaikumus salam, Alhaji. Saƙon murya ba zai fisshe ka ba. Yau ɗin nan a rubuta musu wasiƙa, a faɗi aibin dalla-dalla da kwanan wata. Idan ƙasarku da tasu duk sun shiga yarjejeniyar Biyana ta 1980 kan cinikin kaya tsakanin ƙasashe, kuma ba ku cire ta a kwantiraginku ba, sashe na 39 ya wajabta wa mai saye ya sanar da aibi cikin lokacin da ya dace, in ba haka ba haƙƙinsa ya faɗi. Shekara 2 ita ce iyakar ƙarshe, amma kada ka jingina da ita. Sin da Jamus da Italiya suna ciki, Ingila ba ta ciki. Mayar da inji kuwa sai an tabbatar saɓawar ta rushe ainihin cinikin. Gyara ko rage farashi ya fi saurin samuwa. Abin da ya fi damuna takardar nan da ka sa wa hannu. Me aka rubuta a cikinta?

Injiniya_Bala: Ranka ya daɗe, kafin lauyoyi su ci rabonsu, wa ya kawo kwampresa, wato injin da ke matso iska? Irin wannan inji yana son iska mai ƙarfi, har kusan bar 40 a ma'aunin ƙarfin iska. In iskar tana faɗuwa, ko fitilun gasa robar ba su daidaita ba, haka za ka gani. Minti 40 ba gwaji ba ne, inji bai ma gama ɗaukar zafi ba. Ka samo injiniyan da ba naka ba, ba nasu ba, ya kwana uku yana rubuta ƙarfin iska da na wuta awa-awa.

Hajiya_Banki: In cikon nan yana cikin takardar lamunin banki ne, riƙe shi ba a hannunka yake ba. A ƙa'idar UCP 600, wadda bankuna ke bi kan irin wannan lamuni, banki da takardu yake aiki, ba ruwansa da kaya. Suna gabatar da shaidar karɓar da ka sa wa hannu, za a biya su.

Mai_Roba: Na gode ƙwarai. Hajiya, alhamdu lillahi cikon ba ya cikin lamunin. Barista, na ɗauko takardar, an rubuta "an kafa, an kunna", babu maganar 6,000 ko kaɗan. Kwampresa kuwa, Malam Bala... mu muka saye shi daban, na hannu ne, don a rage kuɗi.