Ƙararrawar CloudWatch ta hana ni barci

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Ina kula da sabar wani kantin magani nan Damagaram, a kan EC2, sabar haya ta Amazon. Na sa CloudWatch, mai sa ido kan sabar, ya turo saƙo in CPUUtilization, wato yawan aikin da CPU (ƙwaƙwalwar sabar) ke yi, ya haura kashi 80 cikin 100. Kullum dare sai ya tashe ni, in duba, lafiya lau. Ina mafita?

Na Zango: Ƙanena, awo ɗaya tak ke tada ƙararrawarka. Sa kar ta tashi sai awo 3 cikin 5 sun haura 80. EC2 duk minti 5 yake aiko awo, na minti 1 na kuɗi ne.

'Yar Sabon Gari: Malam, kar ka tsaya kan CPU. Cikar faifai ba ta fitowa a CloudWatch sai ka girka CloudWatch agent, wata manhaja da ake sawa cikin sabar. Namu ya taɓa cika, sabar ta tsaya cak, ƙararrawa shiru.

Ɗan Birni: Na gode Yaya. Ashe ajiyar bayanan ƙarfe 2 na dare ce ke ɗaga CPU ɗin.