Neman shawara: surukaina za su zo Kent, ina ya kamata in kai su?

Maman Hanif: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni barci kusan mako biyu ke nan. Shekara uku muna zaune da maigidana da yaranmu biyu a garin Ashford da ke gundumar Kent, kudu maso gabashin Ingila. Ni ina aikin jinya, shi kuma aikin dare yake yi. Iyayensa za su kawo mana ziyara daga Zariya, kuma wannan ne zuwansu Turai na farko, domin sau biyu ana nema musu biza ba a dace ba, sai a karo na uku Allah ya yi. Baba malamin tarihi ne da ya yi ritaya, ya shafe fiye da shekara talatin yana koyarwa a sakandare, kuma ya sha gaya mini cewa ya karantar da tarihin sarakunan Ingila bai taɓa ganin ko bangon gidajensu ba. Shi ne ya tsaya mini lokacin da wasu a dangi suka ce kada in ci gaba da karatu bayan aure, don haka ba ni da abin da zan biya shi. Hajiya kuwa tsakanina da ita sai girmamawa, amma har yau ba ta daina cewa ni na janye mata ɗa zuwa ƙasar sanyi. Bara sun je wurin facalata a Dubai, aka zagaya da su ko'ina, kuma har yanzu duk taron dangi sai an tayar da labarin.

Na ɗauki hutun kwana biyar a jere, na tsara haka: Canterbury ranar farko, fadar Dover da fararen duwatsun bakin teku rana ta biyu, sai fadar Leeds, sai Margate, sai mu rufe da ƙauyen Chilham. Na riga na sayi tikitin Dover da na Leeds. Baba yana fama da ciwon gwiwa, Hajiya kuma ba ta cin abincin da ba ta san wanda ya dafa ba. Shin tsarin ya yi, ko akwai inda na bari?

Alhaji na Gillingham: Wa alaikumus salam 'yata. Shekarata ashirin da uku a Kent, kuma babu baƙon da ya zo mini daga gida ban zagaya da shi ba, saboda haka ki saurare ni da kyau. Tsarinki na masu ƙarfin ƙafa ne, ba na dattawa ba. Fadar Dover a kan tudu take, babbar hasumiyar da Sarki Henry na biyu ya gina a shekarun 1180 matakala ce tun daga ƙasa har sama, kuma hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da aka tsara kwashe sojoji daga Dunkirk ta Faransa a cikinsu a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, su ma sai an yi gangara an yi hawa. Mutumin da gwiwa ta dame shi zai yini a can, ya kwana uku bai tashi ba. Ki soke Dover, ki kawo su Rochester, inda fada da babbar majami'a da tsohon titin gari duk suke wuri guda, ana iya ganinsu daga ƙasa ba tare da an hau ko'ina ba. Daga nan ki wuce tsohuwar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Chatham, wadda aka rufe a 1984 aka mayar gidan tarihi. A can aka ƙera jirgin yaƙin nan Victory da aka saka a ruwa a 1765, kuma malamin tarihi zai fi jin daɗin wannan a kan kallon teku. Sallar azahar ku yi ta a masallacin Gillingham, abincin rana kuma a gidana.

Maman Yusra: Ƙanwata, ba ki gaya mana watan da za su zo ba, ba ki kuma ce ko kina da mota ba, alhali amsar duka tana rataye da waɗannan biyun. Ni a Margate nake zaune. Da rani garin yana cika maƙil, yashin bakin teku yana da kyau, kuma gidan baje kolin zane na Turner Contemporary da aka buɗe a 2011 yana dab da ruwa. Amma idan sanyi ya shigo, iskar da ke kaɗawa daga teku ba ta dattijon da ya fito daga Zariya ba ce. Ki kuma yi hattara da soyayyen kifi da dankali, domin wasu suna kwaɓa fulawar da giya, wasu kuma da kitsen da ba ki san asalinsa ba suke suya. Ni a wani shago na tambaya aka ce babu, sai bayan mun ci wani yaron shagon ya faɗa mini gaskiya, kuma mahaifiyata ce a tare da ni ranar. Har ta koma gida ba ta sake yarda ta ci komai a waje ba, kuma abin yana damuna har yau, domin ni na ba ta tabbacin cewa babu matsala.

Maman Hanif: Na gode Baba Alhaji, na gode Anti. A ƙarshen Oktoba za su sauka, hutuna kuma ya faɗa makon farko na Nuwamba. Muna da mota amma maigida ne ke tuƙi, ni ban ci jarrabawar tuƙin nan ba tukuna, shi kuwa da rana barci yake yi. Maganar Dover gaskiya ba zan iya soke ta ba, domin da bakinsa Baba ya ce yana son ya tsaya inda ake hango Faransa, kuma na riga na biya kuɗi.

Alhaji na Gillingham: To 'yata, kin ga abin da nake faɗa. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, kuma a makon da kike magana kafin biyar saura kwata rana ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk za su riske ku a hanya cikin 'yan sa'o'i. Faransa kuma, ko da yake tsakaninta da Dover bai wuce kilomita 34 ba, ba kullum ake ganinta ba, sai ranar da gari ya waye tangaran, a Nuwamba kuwa hazo da yayyafi sun fi yawa. Wurare da dama suna rage ranakun buɗewa daga farkon watan, kuma idan iska ta yi ƙarfi akan rufe fadar ma gaba ɗaya. Ki duba ranar da ke jikin tikitinki tun yanzu.

Baban Sadik: Da izinin Alhaji, ni ina ganin akwai hanyar da ba sai an soke Dover ba. Ni ɗalibi ne a Canterbury, kuma na kai mahaifina wani wuri da ake kira Samphire Hoe tsakanin Dover da Folkestone. Fili ne shimfiɗaɗɗe a gindin duwatsun alli, wanda aka yi da ƙasar da aka haƙo lokacin gina hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994. Babu hawa, duwatsun suna bayanka, teku tana gabanka, sai dai zuwa da mota ya fi sauƙi. Canterbury kuwa ita ce mafi sauƙi a duk jerinki, Anti, domin jirgin ƙasa daga Ashford bai fi minti ashirin ba. Baba zai ga wurin da aka kashe babban limamin coci Thomas Becket a cikin babbar majami'ar garin a 1170, labarin da na tabbata ya koyar a aji. Sai dai masallacin yana can sama kusa da jami'a, ba a tsakiyar gari ba, don haka sai kun hau bas ko tasi. Ki kuma tambayi Hajiya tun kafin ranar ko za ta yarda ta shiga majami'a, domin malamai sun yi saɓani a kan hakan, kuma bai dace a bari sai a bakin ƙofa a fara gardama ba. Idan ba ta so, lambun Westgate yana bakin kogin Stour, akwai kujerun zama.

Hajiya ta Maidstone: Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar facala. 'Yata, na yi irin wannan gasar shekarun baya, na kwashe abin da na tara na zagaya da dangin miji, aka ɗauki hotuna a gaban fadar Leeds da tafkin da ya kewaye ta aka tura gida. Wata guda bai cika ba saƙonnin neman taimako suka fara shigowa, kowa yana ganin muna cikin daula, alhali a wannan watan da ƙyar muka biya haya. Ga tarar da wani kamfanin wurin ajiye motoci ya aiko mana saboda mun ƙara minti goma sha biyu. Fadar kanta kyakkyawa ce, kuma ki faɗa wa Baba cewa ba ta da alaƙa da birnin Leeds na arewa, sunan wani ƙauye ne kusa da mu. Amma babu tashar jirgi a bakin ƙofarta, kuma daga wurin ajiye mota zuwa ginin tafiya ce mai ɗan nisa, sai dai ku hau ƙaramar motar da ke jigilar baƙi a ciki.

Maman Hanif: Hajiya, wallahi ba gasa nake yi ba. Mutumin da ya yi mini abin da Baba ya yi mini, ba zan bar shi ya zauna a falo yana kallon talabijin har ya koma ba. Kwana biyar ɗin nan su kaɗai aka ba ni, shi ya sa na jera su a haka. Chilham kuma na zaɓe shi ne don surukata Hajiya, saboda ina so ta ga cewa nan ma akwai ƙauye mai natsuwa da tsofaffin gidaje na katako da gonaki, ba duka ne hayaniya ba, kuma yana kan layin jirgin Canterbury.

Alhaji na Gillingham: Tashar Chilham ba a cikin ƙauyen take ba, sai an taka an hau tudu kafin a kai dandalin, kuma idan kun isa, cikin rabin awa kun gama ganin komai. Idan ƙauye kike so, Tenterden ya fi kusa da zuciyar dattawa, domin akwai tsohon jirgin ƙasa mai hayaƙi da za su zauna a ciki suna kallon gonaki, amma shi ma ba kullum yake tashi ba a wannan lokacin. Maganata dai tana nan: kwana uku na yawo, kwana biyu na hutu a tsakani, Rochester a farko. Kuma ki gaya wa maigidanki ya kira ni, domin iyayensa ne, bai kamata a ce yana barci ke kina fama da su a tashar jirgi ba.

Maman Yusra: Alhaji, Rochester ma ai duwatsu aka shimfiɗa a wasu titunanta, ban ga yadda ta fi sauƙi ga mai ciwon gwiwa ba. Ƙanwata, idan har za ku zo ɓangarenmu, gidan tarihi na Powell-Cotton da ke Birchington a cikin gini yake, babu ruwanku da iska, kuma cike yake da namun daji da kayayyakin da aka kwaso daga Afirka, sai dai ki binciki ranakun da yake buɗewa. Ki dafo tuwonki da miyarki ki zubo a kula, ni zan ba ku wurin sallah.

Maman Hanif: Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na duba tikitin Dover, ranar Talata ce a jiki, kuma har yanzu ban samu wanda ya ɗauki waya ba don in ji ko ana iya sauya ta. Maigida ya ce zai nemi hutun kwana ɗaya amma bai yi alkawari ba. Ban san ko in ba Dover wannan ranar ko in ba fadar Leeds ba, tunda duka biyun suna bukatar mota. Kuma akwai wanda ya san inda ake ba da hayar keken marasa lafiya a Ashford na mako guda? Ban ma san ta yadda zan tunkari Baba da maganar ba, domin ko sanda ba ya yarda ya riƙe a gaban mutane.